Binne Soson Tare Zafi a Jikin Harsashi: Bukatarsa da Zaɓensa a Gine-ginen Maitama, Abuja

Tsakure

Wannan takarda ta duba batun binne soson tare zafi a jikin harsashin gini da bangon ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ta ɗauki unguwar Maitama a matsayin fagen nazari. Dabarar ta fito ne daga ƙasashen da ƙasarsu ke daskarewa lokacin sanyi, tana kuma shigo mana a cikin zane-zanen gini da ake kwaikwayowa daga waje. Takardar ta nuna da lissafi cewa a yanayin Abuja ribar binne soson kaɗan ce a yawancin gidaje, ta ware wuraren da aikin ya zama tilas, sannan ta bi abubuwan da ya kamata su yanke hukunci wajen zaɓe: ruwa, gara, nauyi, da man da ke narkar da soson.

Gabatarwa



Maitama na cikin unguwannin zangon farko na tsarin Abuja da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979, tare da Garki da Wuse da Asokoro da tsakiyar birni. Tun da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, fili a unguwar yake ƙara tsada, har ta kai wanda ya samu fuloti ba ya son ya bar ko taku ɗaya a banza. Da yake hukuma ta ƙayyade tsawon gini da faɗin abin da za a cinye na fili, sai masu gida suka koma neman sarari a ƙasa: wurin ajiye motoci, ɗakin motsa jiki, ɗakin kallo, sito, wani lokaci har ɗakin sanyi na ajiye nama da kifi. Yanayin unguwar ma ya taimaka. Filaye da yawa a gangare suke, musamman wajen Minister's Hill da ɓangaren da ke fuskantar Mpape, don haka sau da yawa za ka ga gida ta gaba bene ɗaya ne, ta baya kuwa biyu, bango guda yana jingine da tudun da aka sara.

A irin waɗannan ayyuka ne ake cin karo da wani layi a zane da ke cewa a manna allon soso mai kaurin milimita 50 ko 100 a bayan bango kafin a mayar da ƙasa. Ɗan kwangila ya karanta, ya aika Dei-Dei a sayo "farin soso", a kawo abin da aka samu, lebura ya jingina shi da bango, a tura ƙasa a rufe. Daga ranar ba mai sake ganinsa. Abin da ke damuna ke nan, domin kayan da aka binne ba a gyara shi sai an tone gida, kuskuren da aka yi a wurin kuwa mai gida ne zai yi ta biya shekara da shekaru, bai ma san daga ina matsalar ta taso ba.

Inda dabarar ta fito

Soson da ake magana iri biyu ne a mafi yawan lokaci, duka daga roba ɗaya ake yin su. Na farko shi ne EPS, farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kunshe firiji da talabijin da shi; kamfanin BASF na Jamus ne ya fito da shi a farkon shekarun 1950 da sunan Styropor. Ana kumbura ƙwayoyin da tururi a manne su, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Na biyu shi ne XPS, wanda kamfanin Dow na Amurka ya fara yi a shekarun 1940 da sunan Styrofoam. Shi narkar da robar ake yi a matso ta cikin inji ta fito allo guda mai santsi, yawanci shuɗi ko ruwan hoda ko kore, ƙofofinsa a rufe ruf.

A Nowe da Suwidin da Kanada, ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa ya kumbura, ya ɗaga harsashi ya tsaga bango. Can ne aka koyi kewaye harsashi da soso domin ɗumin gida ya tsaya a ƙarƙashinsa, ƙanƙara ta kasa shiga. Ban da haka, mutum yana ɗumama ɗaki zuwa digiri 21 alhali ƙasar da ke kewaye da shi ba ta wuce digiri 5 zuwa 10 ba, ta sama ma ta daskare. Duk ɗumin da ya zurare ƙasa kuɗin makamashi ne ya tafi. Waɗannan dalilai biyu ƙwarara ne a wurinsu. A Maitama ko tsakiyar hunturu ƙasa ba ta kusantar daskarewa, don haka dalili na farko ya faɗi tun kafin a fara magana. Na biyun ne ke bukatar lissafi.

Lissafin zafi a ƙasar Abuja

Zafin rana da sanyin dare ba sa nitsawa cikin ƙasa fiye da kamar rabin mita. Bambancin bazara da damina yana ɗan wuce nan, amma da zarar an yi zurfin 'yan mitoci sai zafin ƙasa ya tsaya kusa da matsakaicin zafin iskar wurin na shekara, ko ya ɗara shi kaɗan. A Abuja wannan na nufin wajen digiri 26 zuwa 28. Idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki a digiri 24, tazarar da ke tsakanin ƙasa da ɗakin ba ta wuce digiri biyu zuwa huɗu ba. Rufin kwano ko na kankare kuwa, a tsakar ranar Maris, yakan haura digiri 60.

Ga misali na lissafi, da alƙaluman da duk injiniya zai iya sake bi da kansa. Mu ɗauki bangon ƙarƙashin ƙasa mai faɗin murabba'in mita 100. Ƙasar da kanta tana tare zafi, don haka mu ce zafi yana ratsa bangon da ƙarfin wat 0.8 a kowane murabba'in mita kan kowane digiri. Da tazarar digiri huɗu, abin da ke shiga ɗaki wat 320 ne. Idan aka manna allon XPS mai milimita 50, wanda ƙarfin tarewarsa ya kai kusan 1.5 m²K/W, adadin zai sauko wajen wat 150. An tsira da wat 170, dare da rana, wato kimanin kilowat-awa 4 na zafi a yini.

Yanzu a ɗauki wannan allon a kai shi rufi mai faɗi ɗaya, wanda ba a tare shi da komai ba, mai ratsuwar wat 2.5 da tazarar digiri 30. Kafin a sa soso wat 7,500 ke shiga, aikin na'ura mai doki ɗaya har guda uku. Bayan an sa, sai ya koma wajen 1,600. Ko da an ce wannan tsananin awa shida kawai yake yi a yini, an tsira da kilowat-awa 35 na zafi. Idan na'urar tana fitar da zafi ninki uku na lantarkin da take sha, aka kuma yi kuɗin da farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa rukunin Band A a Afrilun 2024, allon da ke ƙasa ya rage wa mai gida kimanin naira 300 a yini, na rufi kuwa fiye da naira 2,500. Allo ɗaya ne, kuɗin saye ɗaya.

Ina ganin wannan ne ya sa dokar tattalin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta mayar da hankali kan rufi da tagogi da inuwa da fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, ta kuma sanya wa rufi mafi ƙarancin tarewa na 1.25 m²K/W. Duk da haka za ka shiga gidan da aka binne soso na miliyoyin naira a harsashinsa, ka hau sama ka tarar babu komai tsakanin kwano da silin.

Akwai ma inda soson ke cutarwa. Ɗakin da ba a sanyaya shi da na'ura, a bazara iskarsa kan kai digiri 33 ko 35, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa tana 27. A nan ƙasa janye zafi take yi daga ɗakin. Shi ya sa mutanenmu ke sauka daga gado su kwanta a daɓe idan zafi ya yi tsanani. Wanda ya shimfiɗa soso a ƙarƙashin jaman-fulo na ɗakin maigadi ko na masu aiki ya raba su da wannan sanyi na kyauta, ga shi ba su ne ake kunna wa janareta ba idan an ɗauke wuta.

Inda aikin ya zama dole

Wuri na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne ɗakin daskarar da kaya, irin na otal-otal da manyan shaguna da ɗakunan ajiyar magani. Ɗakin da ke aiki a digiri 18 ko 25 ƙasa da sifili, wata da watanni, yana tura sanyi cikin ƙasa a hankali har ruwan da ke cikinta ya daskare. Nan ne kaɗai a Abuja ake iya ganin cutar nan ta ƙasashen sanyi: daɓe ya kumbura a tsakiya, ƙofa ta daina rufuwa, ginshiƙi ya karkace. Tazarar zafi a nan ta haura digiri 45, don haka ana bukatar soso mai kauri, milimita 150 zuwa 200, a shimfiɗa shi hawa biyu yadda gaɓoɓin ba za su faɗa kan juna ba, da leda mai hana tururi ta ɓangaren ƙasa mai ɗumi. Soson shi kaɗai jinkirta sanyin yake yi, ba ya tsayar da shi, saboda haka sai an haɗa da bututun iska ko wayar ɗumamawa a ƙarƙashi.

Na biyu shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake sanyayawa ba dare ba rana kuma a ƙasa da yadda aka saba, kamar ɗakin manyan kwamfutoci ko ma'ajiyar takardu. Na uku shi ne mita ɗaya ta sama ta bangon da ke kallon farfajiyar da aka malale da kankare ko intalok, babu bishiya babu inuwa. Irin wannan farfajiya takan wuce digiri 50 da rana, ƙasar da ke manne da ita ma ta ɗauki zafi. Sai dai kafin a kai ga soso a nan, ni zan fara da dasa bishiya da faɗaɗa bakin rufi, saboda dalilin da zan kawo idan mun zo kan gara.

Akwai wani ƙorafi da ake yawan kawowa a matsayin hujjar sa soso, wato fumfuna da warin laima a ɗakunan ƙasa a watan Agusta. Iskar da ke digiri 28 da danshin kashi 80 cikin ɗari tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 24. Na'ura ta sanyaya bango da tayil, wuta ta ɗauke, a buɗe ƙofa, iskar damina ta shigo ta jiƙa bangon. Soson da ke bayan bango ba shi da abin da zai yi a nan, bilhasali ma yana sa kankaren ya daɗe da sanyinsa. Maganin wannan na'urar tsane danshi ce da kula da shigar iska.

Ruwa

Idan an tabbatar ana bukatar soson, tambayar farko ita ce yaya zai yi da ruwa. Ruwa yana ratsar da zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, don haka soson da ya sha ruwa ya rasa abin da aka saye shi dominsa. Abuja na samun ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, fiye da milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ƙarƙashin jar ƙasar Maitama dutse ne, kuma a wurare da yawa ba shi da nisa. Ruwan da ya nitse sai ya tarar da dutsen, ya bi samansa ya gangaro, abin da zai fara tare shi kuwa shi ne bangon nan da aka jingina da tudu. Wanda ya haƙa rami a Fabrairu ya gan shi a bushe ƙarau bai ga komai ba tukuna. Ya dawo a Satumba.

Ma'aunin Amurka ASTM C578 ya yarda XPS ya sha ruwa kashi 0.3 cikin ɗari na girmansa bayan an nitsar da shi awa 24, EPS kuwa kashi 2 zuwa 4 gwargwadon nauyinsa. Masu yin EPS suna cewa gwajin yini ɗaya bai nuna gaskiyar shekaru ba, domin nasu yana sha yana kuma bushewa, XPS kuwa idan tururi ya shige shi a hankali fitarsa da wuya. Masu yin XPS su ma suna da nasu sakamakon. Kowa na yabon hajarsa, don haka na fi dogara da abin da ma'aunin injiniyoyin Amurka ASCE 32 ya yi, inda ya rage darajar kowanne idan an binne shi: XPS ana lissafa masa kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfinsa idan a tsaye yake, kashi 80 idan a kwance, EPS kuwa kashi 80 a tsaye, kusan biyu bisa uku a kwance. Ma'anar wannan a aikace ita ce, inda ƙasa ke tsane ruwa da sauri, EPS mai nauyi da aka ɗan ƙara wa kauri zai yi aikin a farashi mai sauƙi. Inda ruwa ke kwanciya wata biyu ko uku, XPS za a sa.

Sauran nau'o'in ba sa bukatar dogon bayani. Allon PIR mai fuskar alminiyom ya fi duka tare zafi a bushe, amma yana shan ruwa ta gefen da aka yanka, ɗanyen kankare kuma yana cin alminiyom ɗin. Wurinsa rufi ne. Soson fesawa mai buɗaɗɗun ƙofofi tsotse ruwa yake yi, bai da wuri a ƙasa ko kaɗan. Mai rufaffun ƙofofi yana iya yi, amma ingancinsa a hannun mai fesawa yake, kuma ba a iya auna shi a sikeli kafin a biya.

Dole in nanata cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke hana ruwa shiga gida. Jerin aikin daga ciki zuwa waje shi ne kankare, sai shimfiɗar hana ruwa, sai soso, sai tabarmar roba mai ƙulli-ƙulli da ke ba ruwa hanya, sai tsakuwa da aka naɗe da yadin tace ƙasa, a gindin kuma bututu mai huji da zai kai ruwan kwata. Bututun nan ya fi soson muhimmanci nesa ba kusa ba. A nan soson yana da wani amfani na biyu da ba a cika faɗa ba: yana kare shimfiɗar hana ruwa ranar cike rami, lokacin da ake juye baro-baro na fasassun bulo da guntayen rodi da duwatsu a bayan bango. Idan wannan kariyar kaɗai ake nema, allo mai milimita 25 ko tabarmar roba ta wadatar.

Gara

A nan nake so in daɗe, domin littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su damu da ita ba, mu kuwa a cikinta muke zaune. Duk wanda ya bi dajin da ke kewaye da Abuja ya ga surin gara wanda ya fi mutum tsawo. Share fili da katafila ba ya kashe gidan gara, saman kawai yake rushewa. Gara ba ta samun abinci a soso, amma tana huda shi cikin sauƙi, kuma tana samun abin da take so a cikinsa: duhu, danshi, da zafin da ba ya canzawa. Idan allon ya taso daga gindin harsashi ya haura saman ƙasa ya shige ƙarƙashin filasta, an yi mata rufaffiyar hanya daga gidanta har zuwa katakon ƙofa, da durowar kicin, da katakon rufi. Alamar da muka saba gani, wato zanen jar ƙasa da take yi a jikin bango, ba za ta bayyana ba. Sai ranar da aka taɓa ƙyaure yatsa ya shige.

Amurkawa sun sha wannan a jihohinsu na kudu, irin su Fulorida da Luwiziyana. Shi ya sa kundin dokar gina gidaje da yawancin jihohinsu ke bi ya hana binne soson roba a bayan harsashi a yankunan da gara ta yi yawa ƙwarai, sai da wasu sharuɗɗa, kamar ginin ya zama na kayan da gara ba ta ci ko a yi wa soson kariyar da aka amince da ita. Ya kuma ce soson da ke sama ya bar tazarar inci shida, wato milimita 150, daga ƙasa. Da za a ɗora Abuja a kan taswirarsu, ba na shakkar rukunin da za ta faɗa.

Wani zai ce gidajen Maitama bulo ne da kankare, me gara za ta ci? Gaskiya ba za ta kayar da ginin ba. Amma a lissafa kuɗin ƙofofin katako, da daɓen katako, da kabad, da littattafai da takardun da ake ajiyewa a ɗakunan ƙasa, sai a ga asarar ba ƙarama ba ce.

Manomi Bahaushe da Bagwari sun daɗe da warware wannan a rumbu: ana ɗora shi a kan duwatsu, a bar sarari a ƙarƙashi, yadda idan gara ta fara hawa ido zai gan ta a kakkaɓe. Haka ya kamata a yi wa harsashi. A yanke soson ƙasa da fuskar ƙasa, a rufe kansa da kankare ko ƙarfen da ba ya tsatsa, a bar zirin kankare tsirara mai faɗin milimita 150 ya zagaye gidan, wanda ba a rufe shi da tayil ko fulawa ba. Injiniyan zafi zai ce wannan zirin ƙofa ce da zafi zai bi, kuma a daidai mitar nan ta sama da ta fi zafi. Haka ne. Amma lissafin da muka yi ya nuna abin da ake asara 'yan wat ne, kuma inuwar bishiya za ta biya su. Feshin magani a ƙasa kafin a zuba kankare yana da kyau, sai dai ƙarfinsa na 'yan shekaru ne, soson kuwa zai zauna muddin ginin yana tsaye. Akwai EPS da aka cuɗa da maganin ƙwari, akwai ragar ƙarfe mai ƙananan idanu da aka fito da ita a Ostireliya, akwai kuma soson gilashi wanda gara ba ta iya huda shi, ruwa ba ya shigarsa, wuta ba ta cinsa. Yana da tsada kuma yana da saurin karyewa a hannun lebura, amma a ma'ajiyar takardun gwamnati ko ta ofishin jakadanci, ni shi zan rubuta.

Nauyi, mai da wuta

Lambar da ake bugawa a jikin allo, kamar 150 ko 300, tana nufin kilofaskal ɗin da zai danne shi ya ragu da kashi goma cikin ɗari. Ba wanda zai yarda daɓensa ya sauka haka. Ƙari a kan wannan, roba tana lotsawa a hankali idan nauyi ya daɗe a kanta, don haka abin da ake dogara da shi na shekaru hamsin bai wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa ƙasa da rabin lambar ba. A jikin bango mai zurfin mita uku, turin ƙasa da na ruwa a haɗe bai cika kai kilofaskal 60 ba, allo matsakaici ya isa. Ƙarƙashin daɓen ɗakin sanyi da motar ɗaga kaya ke shiga, a nemi 500 ko sama. Ƙarƙashin gindin ginshiƙi kuwa, inda nauyi kan kai 150 zuwa 300, shawarata kada a sa komai. A bar kankare ya zauna a kan ƙasa ko dutse. Girgizar da aka ji a Mpape da sassan Maitama a Satumbar 2018 ba ta da ƙarfi, amma ta isa ta tuna mana cewa bai kamata a saka abu mai laushi tsakanin gini da abin da ke ɗauke da shi ba tare da dalili ba.

Duk wanda ya taɓa ganin mai gyaran kwano yana jefa farin soso a gwangwanin fetur don ya haɗa danƙon toshe yoyo ya san yadda abin ke narkewa nan take. EPS da XPS duka haka suke da fetur da dizal da tina, da kuma kwaltar shafawa da aka sirka da mai. Kusan kowane gida a Maitama yana da janareta da tankin dizal, sau da yawa a jikin bangon baya. Ɗigon da ke zuba yau da gobe zai cinye soson a ƙasa ya bar kogo. Haka wutar da ake manna shimfiɗar kwalta da ita: robar tana fara lalacewa tun daga wajen digiri 75 zuwa 80. Sai a bar shimfiɗar ta huce, a yi amfani da gam mai ruwa, a kuma nisanta tanki ko a gina masa kwarya ta kankare. Idan an zaɓi a sa soson ta cikin ɗaki don gudun gara, to dole a rufe shi da filasta ko allon jifsam, domin yana ci da wuta, hayaƙinsa baƙi ne mai kauri, ɗakin ƙasa kuwa yawanci ƙofar fitarsa ɗaya ce.

A wajen saye da wajen amincewa da zane

Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne EPS mara nauyi, na kunshe kaya da na yin ado a bakin taga da saman bango, wanda nauyinsa bai wuce kilo 10 zuwa 15 a kowace mita kubik ba. Na binnewa ya kamata ya kai 25 zuwa 35. A ido kamanninsu ɗaya, amma sikeli yana raba gardama. Allo mai tsawon mita 1.2 da faɗin 0.6 da kaurin milimita 50, idan na kilo 30 ne zai auna kilo ɗaya da ɗan ɗori. Idan na 12 ne ba zai kai rabin kilo ba. Sikelin mai sayar da nama ya isa wannan aiki. A danna shi da babban yatsa: mai kyau da ƙyar zai nuna alama, mara kyau zai lotsa ya zauna. A karya gefe a duba: idan ƙwayoyin suna warewa ɗaya-ɗaya suna zuba, ba su mannu ba, ruwa zai bi tsakaninsu, idan karayar ta ratsa ta cikin ƙwayoyin, an gasa shi yadda ya kamata.

Ga wanda zai shigo da XPS daga waje, ya nemi takardar da ta nuna ma'aunin da aka bi, EN 13164 ko ASTM C578, ya kuma tambayi iskar da aka kumbura shi da ita. An daɗe ana amfani da HFC-134a, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya fi na iskar kabon sau dubu da ɗari huɗu, kuma tana cikin waɗanda gyaran Kigali na 2016 ya sa a rage. Akwai kuma maganin hana kama wuta mai suna HBCD da Yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin abubuwan da za a daina a 2013. Kayan da aka daina karɓa a wata kasuwa sukan nemi wata, bai kamata mu binne su a inda ruwan rijiyoyin burtsatsenmu ke bi ba.

Ga Sashen Kula da Gine-gine na Abuja, ina ba da shawarar duk zanen da ya nuna soso a ƙarƙashin ƙasa ya zo da bayanin zafin da za a riƙe ɗakin a kai, da nau'in allon da nauyinsa, da zanen inda soson ya ƙare da yadda aka bar zirin duba gara, da inda bututun tsane ruwa zai zubar. A kuma sa ziyarar jami'i ta zama kafin a cike rami, domin bayan nan ba abin da zai gani. Ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI da sassan nazarin gini na jami'o'inmu, aikin da nake roƙo mai sauƙin kuɗi ne: a binne ma'aunan zafi da danshi a zurfin rabin mita, da mita ɗaya, da biyu, da uku, wasu a ƙarƙashin intalok wasu a ƙarƙashin inuwa, a karanta su shekara guda cur. A gefensu a binne allunan EPS da XPS da aka auna nauyinsu, a tono rabi a ƙarshen Satumba, rabi a ƙarshen Maris, a sake aunawa, a ƙirga hujin gara da ke jikin kowanne.